Darasi na 9: Lamba 5,040 da Yadda Ake Gane Halinta

Ku ɗauki fensir ku rubuta 5,040. Ana karanta ta dubu biyar da arba'in. Ku lura da sifirin da ke gidan ɗari, don masu koyo da yawa sukan tsallake shi su rubuta 540. Shi ne ke riƙe 5 a gidan dubu. In ya fita, dubu biyar ta koma ɗari biyar.

Tambayar farko a kan kowace lamba ita ce: cika ce ko mara? Ba sai kun wahalar da kanku da rabawa ba, ku dubi ƙarshenta kawai. In ta ƙare da 0, 2, 4, 6 ko 8, cika ce. Tamu ta ƙare da 0, saboda haka cika ce, kuma 2 da 5 da 10 duk suna raba ta ba saura.

Yanzu ku tara lambobin da ke cikinta: 5 da 0 da 4 da 0, 9 ke nan. Duk lambar da jimillar lambobinta ta rabu da 9, ita ma za ta rabu da 9, ta kuma rabu da 3. Ku gwada, za ku samu 560 da 1,680. Ita 7 ba ta da gajeriyar hanya mai sauƙi irin wannan, sai an zauna an raba. Amsa 720, babu saura.

Daga ina wannan sauƙin rabuwa ya fito? Ku ninka 1 sau 2 sau 3, ku ci gaba har 7. Za ku bi ta 6, 24, 120, 720, sannan ku sauka daidai kan 5,040. Da ƙananan lambobi aka gina ta, shi ya sa suke shiga cikinta ba gardama. Daga 1 zuwa 12, lamba 11 ce kaɗai ta ƙi, takan bar saura 2. Gaba ɗaya lambobi 60 ne ke raba ta, kuma duk lambobin da ke ƙasa da ita babu mai masu rabawa da yawa haka. Masanin lissafin nan na Indiya, Ramanujan, ya yi nazari mai zurfi a kan irin waɗannan lambobi a 1915. Tun kafin shi, Aflatun, masanin falsafa na tsohuwar ƙasar Girka, ya ce magidanta 5,040 ne suka fi dacewa da birni, don a iya kasa su kashi-kashi ba rigima.

Abin mamaki, maƙwabciyarta 5,039 ba ta rabuwa da komai sai 1 da ita kanta. Ɗaya tak ke tsakaninsu, amma hali ya sha bamban.

Aikin gida: mako ɗaya yana da minti 10,080. Ku raba shi biyu ku ga abin da zai fito. Sannan ku duba 2,520 da dabarun da muka koya, ku rubuta lambobin da ke raba ta daga 1 zuwa 10.