Yadda za ka gina labarin almara a kan allolin Hindu

Babi tara na rubuta a waya, ina zaune a shagon ɗinkin yayana a Fagge, kafin na tura wa wani abokina da ya yi karatun haɗa magunguna a Indiya. Da muka haɗu wurin mai shayi, ko kofin bai ajiye ba ya ce, "Malam, Shiba ka mayar Iblis? Ai ma'anar sunansa ma mai alheri ce." Ni kuwa abin da na sani bai wuce abin da muka taso muna gani a finafinan Indiya ba: gunki, ƙararrawa, uwa tana kuka a gabansa. Na goge babi taran, na koma karatu. Ga abin da zan gaya wa mai son shiga wannan gonar.

Ka fara da sanin cewa wannan addinin mutane ne fiye da biliyan 1. Ni Musulmi ne, labari nake nema, amma hakan bai ba ni damar yi musu ƙage ba. Wannan ya wuce.

Sai ka raba aiki. Manya uku ne a sama. Birahma mai kai 4 shi ne na halitta, amma ba a cika bauta masa ba, haikalinsa da ya fi shahara yana Pushkar a jihar Rajastan. Bishnu shi ke riƙe da duniya, idan ta karkace sai ya sauko cikin wata siffa, an fi ƙirga sauka 10, daga kifi da kunkuru har Rama da Kirishna. Shiba mai ido na uku da mashi mai baki uku shi ke rushewa, irin rushewar da magini ke yi wa tsohon soro don a tada sabo. Nan na yi tuntuɓe. A labarin kaɗa teku, wanda alloli da abokan gabansu suka yi don neman ruwan dawwama, da guba ta fito za ta halaka kowa, Shiba ne ya shanye ta, har maƙogwaronsa ya zama shuɗi.

Ƙasa da su akwai fada, kuma ɗan Kano ba ya buƙatar a yi masa bayanin fada. Indra sarki ne mai makamin tsawa da farar giwa, mai yawan fargabar a ƙwace masa gadon mulki. Agni na wuta, Waruna na ruwa, Wayu na iska, ka ɗauke su kamar hakimai, kowa da ƙasarsa. Yama alƙalin matattu ne, yana da magatakarda Citragupta mai rubuta ayyukan mutane. Ka ba kowanne abin hawansa daidai, don masu sani da shi suke kama marubuci: Bishnu da tsuntsu Garuda, Shiba da bijimi Nandi, Ganesha mai kan giwa kuma, da duk girman cikinsa, ɓera yake hawa.

Abokan gaba fa? Kada ka kira Asura aljanu ka wuce. Su da Dewa, wato su Indra da 'yan fadarsa, uba ɗaya suke, Kashiyapa. Aditi ta haifi Dewa, Diti ta haifi manyan Asura, kuma matan biyu 'yan'uwan juna ne. 'Yan ubanci ne tsagwaronsa. Duk wanda ya tashi a gidan yawa a cikin Birni ya san yadda ake rubuta wannan: rabon da aka yi ba daidai ba, ɗakin da ke ganin an danne shi. Ko a kaɗa tekun nan tare suka ja maciji Wasuki kamar igiya, da ruwan dawwama ya fito aka yi wa Asura wayo aka hana su. Idan mugunka yana da irin wannan ƙorafi, mai karatu zai tsaya ya saurare shi.

Yanzu ga ƙashin bayan labarin, wanda shi na fi so ka riƙe. A wannan duniyar, duk wanda ya jure azabar ibada ta shekaru, ko mugu ne, sai abin bautar ya bayyana ya ba shi abin da ya roƙa, kuma ba a janye kyautar. Rashin mutuwa kaɗai ake hanawa, don haka mugu sai ya zauna ya tsara sharuɗɗa kamar lauya. Hiranyakashipu ya roƙi kada mutum ya kashe shi ko dabba, ba da rana ba ba da dare ba, ba a cikin gida ba ba a waje ba, ba a ƙasa ba ba a sama ba, ba kuma da makami ba. Bishnu ya fito daga ginshiƙi a siffar Narasimha, rabi mutum rabi zaki, da almuru, ya ɗora shi a cinyarsa a bakin ƙofa, ya farke shi da farce. Rawana mai kai 10 ya nemi tsari daga Dewa da sauran manyan halittu, ya raina ɗan Adam bai saka shi a lissafi ba, Rama ya zo a mutum. Mahishasura ya raina mace, Durga ta zo a kan zaki.

To ka rubuta roƙon mugunka tun kafin babi na ɗaya, kalma bayan kalma, a takarda daban. Ka bar ƙofa ɗaya tak, kuma girman kansa ne zai bar ta, kada ta zama mantuwar marubuci. Sannan ka ajiye mabuɗin a gaban mai karatu da wuri, inda ba zai kula ba.

Nawa mugun, bayan ya shekara dubu a tsaye da ƙafa ɗaya, ya roƙi kada duk wanda ya taɓa jin sunansa ya iya taɓa shi, sannan ya sa aka yi shelar sunan a kowace kasuwa. A babi na biyu na zaunar da wata yarinya kurma tana sayar da furanni a ƙofar haikali. Abokin nan nawa ya karanta har babi na 14 bai waiwaye ta ba.