Yadda manomi zai shiga jerin masu karɓar tallafin ambaliya

Jama'a da yawa na ta tambayata, musamman mutanenmu na Haɗeja, Auyo da Ringim da ruwa ke cinye musu shinkafa, to ga yadda ake yi.

1. Ɗauki hoton gonar da wayarka tun ruwan bai janye ba, a ga shukar kwance a ciki.
2. Sanar da mai unguwa ko dagaci ranar, kar ka ce sai gobe.
3. Je sashen aikin gona na ƙaramar hukuma, malamin gona ya rubuta sunanka da girman gonar da abin da ka shuka.
4. Tsaya a gonar ranar da jami'an hukumar ba da agajin gaggawa ta jiha (SEMA) ko ta ƙasa (NEMA) suka zo tantancewa.
5. Ba da lambar NIN da ta asusun banki. Hattara, nan ake yawan samun matsala, sunan katin ya zama daidai da na banki, in wancan Muhammadu ne wannan kuma Mamman to kuɗin na iya maƙalewa.
6. Kar ka ba kowa ko sisi, rajista kyauta ce wallahi, kuma duk wanda ya bugo waya yana neman PIN ɗinka ɗan damfara ne.
7. Bar layin wayar da ka bayar a kunne saboda alat na shigowar kuɗi.