Darasi na Bakwai: Idan Man Girki Ya Ƙi Isa Inji

Wanda ya taɓa tsayawa a bayan motar da ke shan man girki ba zai manta ba. Hayaƙin salansarta ƙamshin suya yake yi, sai ka rantse akwai mai ƙosai a kusa. Abin kuwa ba sabo ba ne. Tun a 1900, a bikin baje kolin duniya da aka yi a Paris ta ƙasar Faransa, an nuna injin dizal yana aiki da man gyaɗa. A zamanin nan, a Jamus da Ingila da Amurka aka fi samun masu gyara tsofaffin motocinsu na dizal su koma shan man girki, har da wanda gidajen abinci suka gama suya da shi. A Ingila, tun 2007 aka ɗauke haraji ga wanda abin da yake haɗawa don amfanin kansa bai wuce lita 2,500 a shekara ba. A nahiyarmu kuma, a garin Garalo na ƙasar Mali, an kafa injinan ba da wuta da aka shirya su don shan man bini-da-zugu.

A wajenmu masu yi ba su da yawa, kuma ban ga laifin kowa ba. Sabon man gyaɗa ya fi dizal tsada, ba mai ɗura wa mota abin da iyali za su yi miya da shi. Sai wanda ya samu tsohon man suya da araha. Amma ko ba ka taɓa zuba man girki a tanki ba, darasin nan zai yi maka amfani, domin toshewa da jan iska ciwon kowane injin dizal ne, har injin niƙa da na ban ruwa.

Hanyar da mai yake bi

Kowa ya ɗauki fensir ya zana abin da zan faɗa. Zana tanki biyu, ɗaya na dizal, ɗaya na man girki. Daga kowanne ka ja layi, shi ne tiyo, ka sa masa filtarsa. A kan layin man girki ka ƙara akwati guda, ka rubuta "hitar mai". Ruwan zafin da ke zagaya inji shi ke bi ta cikinta ya ɗumama man. Layukan biyu su haɗu a bawul, wanda direba yake juyawa da makunni daga mazauninsa. Daga bawul sai ƙaramin famfo mai jawo mai, sai injekta, wato babban famfon da ke harba mai da ƙarfi, sai nozul, bakin da ke fesa shi cikin inji. Man da inji bai sha ba yana da tiyon komawa, shi ma ka zana shi.

Da dizal ake tayar da motar. Sai inji ya yi zafi sosai ake juyawa zuwa man girki. Kafin a kashe kuma a koma dizal na 'yan mintoci, ya wanke hanya.

Me ya kawo wannan wahala duka? Kauri. Ɗebi dizal a cokali ka zubar, zai tsiyaye kamar ruwa. Ɗebi man gyaɗa, za ka ga yana jan jiki. Kaurinsa ya kai ninki goma na dizal, wani lokaci ya fi. Sai ya ɗumama ya kai digiri 70 zuwa 80 a ma'aunin Selsiyos yake tsinkewa har inji ya iya sha ba tare da ya wahala ba.

Gwajin farko ba ya buƙatar sifana

Wata safiya da hunturu wani Alhaji ya kawo mini Marsandi 300D gareji, irin tsohuwar nan mai ƙirar W123 da aka fara yi a 1976. Ya fito yana ɓata rai.

Ya ce, "Malam, an ce injekta ce ta mutu, har an yanka mini kuɗi. A shimfiɗe tana tafiya, amma da na fara hawa tudu sai ta yi sanyi. Ko na take totur har ƙasa ba ta amsawa."

Na ce, "Alhaji, in ka mayar da ita dizal fa?"

Ya ce, "A'a, da dizal kam lafiya lau."

Na ce, "To ranka ya daɗe, mayar da kuɗinka aljihu. Injekta ɗaya ce ke harba dizal da man girki. Da ta mutu, da duka biyun ta ƙi."

Wannan tambaya ita ce rabin aikin. Mai tanki biyu yana da shaidar da mai tanki ɗaya ba shi da ita. Idan mota ta fara shaƙewa, juya makunni zuwa dizal ka ba ta minti ɗaya ko biyu. Ta warware? Matsalar tana tsakanin tankin man girki da bawul. Ba ta warware ba? Duba daga bawul zuwa gaba, inda hanyar ta zama ɗaya. Kada ka yarda a kwance injekta kafin a yi wannan, domin ita ce mafi tsada a layin, kuma ita aka fi yi wa ƙage.

Na kwance filtar man girkin Alhaji, na yanka ta da zarto a gabansa. Takardar ciki ta cika da farin abu mai kama da man shanu, ga baƙin ɗigo-ɗigo na ƙonannen gari. Na lakato da yatsa na riƙe a rana, sai farin ya fara narkewa. Ashe ba datti kaɗai ya toshe ta ba, kitse ne ya daskare.

A nan akwai abin lura. Mu kowane farin man girki "man gyaɗa" muke ce masa, alhali da yawan wanda ke cikin jarkoki a kasuwa daga kwakwar manja aka tace shi. Shi ya sa da hunturu za ka ga ya yi barci a kwalba. Abin da ya yi a kwalbar uwargida shi zai yi a filtarka. In kuma an soya kaji ko nama a cikinsa, kitse ya ƙaru, barcin ya fi nauyi.

Alamar toshewar filta ba ta ɓuya. Mota tana tashi, tana tafiya a hankali, amma duk lokacin da inji ya nemi mai da yawa, wato hawan tudu, ɗaukar kaya ko wuce wata mota, sai ƙarfi ya tafi. Canja filtar, kuma kullum ka riƙa ajiye sabuwa a but. Tun a gida ake rage wannan ciwo. Bar tsohon mai ya kwanta a duro mako ɗaya ko biyu, ka ɗebi na sama, ka tace. A jikin filta ana rubuta lambar da ke nuna ƙanƙantar ƙofofinta, ana kiranta maikiron. Nemi mai lamba 10 ko 5. Kuma ka tace man da sanyinsa. In ka tace da zafi, narkakken kitse zai wuce ya je ya daskare a mota.

Shin man yana yin zafi kuwa?

Bayan tafiyar minti ashirin, tsaya ka buɗe bonet. Taɓa tiyon ruwa biyu na hitar mai da bayan hannu, a hankali. Duka biyun su kasance da zafin da ba za ka iya riƙewa ba. In ɗaya ya yi sanyi, ruwa ba ya zagayawa: ko tiyo ya lanƙwashe, ko iska ta tsaya a ciki, ko ruwan lagireto ya yi ƙasa. Kada ka buɗe murfin lagireto sai inji ya huce.

Ga wata al'ada tamu da ba ta tafiya da man girki. Makanikai da yawa suna cire tamostat su jefar, wai ƙasarmu da zafi. Tamostat kuwa shi ke riƙe ruwa har inji ya kai zafin aikinsa, a irin wannan Marsandi wajen digiri 80. In babu shi, da sanyin asuba sai ka yi tafiya mai nisa ruwa bai yi zafin kirki ba, man ma haka. Motar Alhaji ba ta da shi. Mun sa sabo.

Iska

Wannan ita ce mai wahalar kamawa, domin ba ta barin alama a ƙasa. Daga tanki zuwa ƙaramin famfo, jawo mai ake yi, ba turawa ba. Saboda haka ƙaramar kafa a wannan wuri ba ta zubar da mai waje, iska take zuƙowa ciki. Kana iya shimfiɗa kwali a ƙarƙashin mota ka kwana, ba za ka ga ɗigo ba. Man girki kuma ya fi dizal tona irin wannan asiri. Tunda yana da kauri, famfo yana ja da ƙarfi, sai mahaɗar da ba ta taɓa ba da matsala da dizal ba ta fara shigo da iska.

Mota mai jan iska tana fizga, ta yi kamar za ta mutu ta dawo, wani lokaci ta mutu a tsaye. Sayi guntun tiyo mai garai-garai, wanda ake ganin cikinsa, tsawon tafin hannu ya isa. Saka shi daf da injekta, ka tayar, ka juya zuwa man girki, ka zuba ido. Kumfa 'yar kaɗan bayan canjin filta ba komai ba ce. In tana ta zuwa a jere ba yankewa, akwai kafa. Sai ka riƙa matsar da guntun baya, mahaɗa bayan mahaɗa, ta wajen tanki. Inda kumfa ta daina bayyana, kafar tana tsakanin nan da wurin da ka baro.

Wuraren da na fi samu su ne kilif da ya saki, bakin tiyo da ya tsage, da robar filta da aka manta ba a canja ba. A tsofaffin Marsandi a ƙara da famfon hannu na jikin injekta, irin wanda ake warwarewa kafin a buga. In ya tsufa iska yake sha. Man girki mai zafi yana kuma kumbura tiyon roba maras kyau har ya yi laushi, sai ya manne daga ciki idan famfo ya ja. A waje lafiya, a ciki hanya ta rufe. Matsa shi da yatsa, in ya yi taushi kamar dafaffiyar taliya a canja.

Wasu masu haɗa motar ba sa mayar da ragowar man girki tanki, sai su juyo da shi cikin layi don kada zafinsa ya tafi a banza. Dabara ce mai kyau, amma iskar da ta shiga ba ta da mafita, sai ta yi ta taruwa. Mai irin wannan haɗi dole mahaɗansa su zama ba kafa ko ɗaya.

Gargaɗi: bututun ƙarfe da ke tsakanin injekta da nozul ba wurin sa hannu ba ne idan inji yana aiki. Man da ke ciki yana iya huda fata. Wanda hakan ta same shi ya tafi asibiti nan take, ko da ramin bai fi tsinin allura ba.

Ta ƙi tashi da safe

Tambayi kanka, jiya na wanke hanya da dizal kafin na kashe? In ka manta, man girki ne ya kwana a injekta ya yi kauri. Kada ka yi ta murza makulli har batir ya mutu. Tura motar rana, ko ka zuba ruwan ɗumi a jikin injekta da filta, ka juya zuwa dizal, ka buga famfon hannu, sannan ka gwada. Ban da hura wuta a ƙarƙashin mota.

Irin injektar ma yana da magana. Ta Bosch mai jere, wadda bututunta suka fito a layi ɗaya kamar ta Marsandin nan, tana da haƙuri. Mai juyi ta Lucas ko CAV, da ke jikin wasu motocin Fijo da taraktoci, ba ta da wannan haƙurin, man girki mai sanyi yana iya karya sandar cikinta. Sababbin motocin dizal masu kwamfuta kuwa, shawarata a bar su da dizal ɗinsu.

In ka tabbata ka wanke amma duk da haka ta ƙi, zargi bawul. Sa yaro ya juya makunni, kai kuma ka kasa kunne. Ya kamata ka ji ƙas. In shiru, duba fis da waya. Duba tankin dizal kuma. Idan maimakon ya ragu ƙaruwa yake yi, ko dizal ɗin ya yi kauri, man girki ne ke komawa tankin da ba nasa ba.

Sauran abu biyu a taƙaice. Kada a yi layin man girki da bututun jan ƙarfe ko tagulla, suna sa man ya yi danƙo ya toshe hanya. Kuma a riƙa zaro sandar awon baƙin mai. In yana hawa maimakon sauka, man girki ne ke zurarewa cikinsa, a yi juye da wuri kafin ya kafe inji.

Aikin gida

Ruwa a cikin mai yana cin injekta da nozul a ɓoye, tsohon man suya kuwa ba ya rasa shi. Ga yadda ake ganewa. Ɗora kasko a wuta, ka shafa masa ɗan mai, ya yi zafi har ya fara hayaƙi kaɗan. Zuba cokali ɗaya na man da kake son gwadawa, ka janye fuskarka. In ya kwanta shiru, ba ruwa. In ya yi ƙananan kumfa ko ya yi tas-tas, akwai ruwa, sai a ɗumama shi a bar shi ya sake kwanciya, a ɗebi na sama.

Kowa ya roƙi rabin kwalbar tsohon mai a gida ko wajen mai suyar awara, ya gwada, ya rubuta abin da ya gani cikin jimla uku. Ragowar man a bar shi a waje ya kwana, a duba da asuba ko ya yi barci. Ku zo da kwalbar da zanenku ranar darasi na gaba.