Yadda ake zaɓar moton da ya dace da babban injin iska na aikin gida

Idan moton injin iskarka (kwamfreso, mai matsa iska cikin tanki) ya ƙone, ko ka sayo kan famfo da tanki na hannu a Fanteka ta Kaduna ko Ƙofar Ruwa ta Kano ba moto a jiki, kada ka fara da tambayar lita nawa tankin yake ci. Tanki ma'aji ne kawai. Mai lita 300 da mai lita 500 duk suna iya aiki da moto iri ɗaya, bambancin dai lokacin da za su ɗauka kafin su cika. Kan famfo, wato inda fistin yake matsa iskar, shi ne ke faɗin irin moton da za a saya da gudun da za a ba shi.

Ka fara da karanta farantin da ke jikin famfon. Abubuwa uku kake nema: ƙarfin da yake buƙata (za ka ga an rubuta HP ko kW), iyakar zagayen da aka yarda ya yi a minti ɗaya (RPM), da iyakar matsin iska, wanda a yawancin injinan shago yake tsakanin bar 8 zuwa bar 10 (bar shi ne ma'aunin matsin). Hos ɗaya, wato HP ɗaya, daidai yake da wat 746, shi ya sa moto mai hos 3 ake rubuta masa 2.2 kW, mai hos 5.5 kuma 4 kW. Idan farantin ya goge, ka nemi lambar samfurin a jikin ƙarfen ka bincika ta a intanet. In tsohon moton yana nan, nasa farantin ma zai taimaka, muddin ka tabbata shi ne na asali ba wani aka taɓa musanyawa ba.

Daga nan sai wutar da kake da ita. Gidajenmu galibi layi ɗaya ne, singil-fes, bolt 220 zuwa 230. Moto mai hos 3 a kan irin wannan wuta yana jan amfiya 13 zuwa 15 yana cikin aiki, amma a daƙiƙar tashi yakan ja ninki biyar ko shida na haka. A ganina hos 3 shi ne iyakar abin da ya kamata mai singil-fes ya ɗora wa kansa, musamman a unguwar da wuta ke zuwa ba ƙarfi da yamma. Daga hos 5.5 zuwa sama, tiri-fes, wato wuta mai layi uku, ne maganinsa: moto mai 4 kW a bolt 400 amfiya 8 ko kusa da haka yake ja, ba shi da kafasita, kuma ya fi daɗewa. Idan singil-fes ɗin ne dole, ka sayi mai kafasita biyu, ta tashi da ta aiki. Mai kafasitar aiki kaɗai na fanka ne da famfon ruwa, ba zai iya tayar da fistin cikin sauƙi ba. Ka kuma duba ko an rubuta S1 a farantin, ma'ana an yi shi don ya yi ta aiki ba hutu.

Yanzu ga inda motoci da yawa suke ƙonewa, wato lissafin fuli, faifan da bel yake zagayawa a kai. Wutarmu a Najeriya da Nijar da Gana mai 50Hz ce. A kanta moto ko dai ya yi zagaye wajen 1,450 a minti, ko wajen 2,850. Famfon kuwa ba ya son irin wannan gudu, yawancin masu bel suna aiki ne tsakanin 700 zuwa 1,300. Fulin moto da babban fulin famfo su ne ke rage gudun, kuma lissafin ba wuya: faɗin babban fuli sau gudun da famfo yake so, a raba da gudun moto.

Ɗauki famfon da aka rubuta masa 1,000, babban fulinsa milimita 350. Da moto mai 2,850, amsar za ta fito kusan 123, sai ka sayi fuli mai milimita 120. Kullum ka sauko ƙasa, kada ka haura. Da moto mai 1,450 kuma, fulin zai kai wajen milimita 240. To ka ga abin da zai faru idan tsohon moto mai 1,450 ne, aka sayo mai 2,850 aka mayar masa da tsohon fuli: famfon zai yi kusan ninki biyu na gudunsa, ƙarfin da yake nema shi ma ya ninka. Iska za ta cika da sauri, mai shi ya yi murna, kafin a jima kwayil ya fara wari sai wajen mai sake naɗa wayar moto, in ma famfon bai riga shi lalacewa ba.

Wannan lissafi yana kuma ba da mafita. Mai famfon hos 5.5 da ba shi da tiri-fes yana iya sa moto mai hos 3 ya rage fuli har gudun famfon ya sauko zuwa rabi da ɗan wani abu. Iska za ta ragu daidai gwargwado, amma moton zai huta. Sai dai kada a sauke gudun ƙasa da abin da kamfanin ya ƙayyade, domin irin waɗannan famfuna juyawar ce ke watsa mai a cikinsu, in ta ragu sosai mai ba ya kaiwa sama.

A kula da kayan gwanjon Amurka. Can 60Hz suke amfani da shi, motocinsu 1,725 ne ko 3,450. A wutarmu irin wannan moto yana rasa kashi ɗaya cikin shida na gudunsa, kuma ya fi ɗaukar zafi. In ba an rubuta 50/60Hz a farantin ba, gara ka bar shi. Sandarsu da ake ɗora fuli a kai ma da inci ake auna ta, ba ta dacewa da fulinmu.

Kafin ka biya kuɗi, auna sandar moton da ramukan ƙafarsa. Firam, wato lambar girman moto da ke kan farantin, in 90 ne sandarsa milimita 24 ce, firam 100 da 112 kuma 28. Ramin fulin ya dace da bel ɗin, ko A mai faɗin milimita 13 ko B mai 17.

Wajen ɗaurawa, aza doguwar rula a fuskar fulin biyu ka ga sun daidaita. Ja bel har in ka danna tsakiyarsa da babban yatsa ya lotsa kamar santimita ɗaya. In ya yi sako-sako zai riƙa zamewa, in ya yi tsauri zai cinye boris. Sai ka kunna na daƙiƙa ɗaya ka dubi kibiyar da ke jikin babban fuli, domin fukafukansa ne ke hura wa kan famfon iska. In baya yake juyawa, a tiri-fes musanya wayoyi biyu ya isa, a singil-fes kuma bi zanen da ke cikin murfin akwatin wayoyi. Mayar da ragar bel kafin komai, ballantana a gidan da yara ke shige da fice.

Wayar wuta ba wurin tsimi ba ce. Hos 3 yana son layinsa shi kaɗai daga mita, waya mai milimita 4, ko 6 in tazarar da nisa, ba soket ɗin bango da doguwar wayar jona ba. A sa kwantakta (makunni mai ɗaukar babbar wuta) da obalod (mai yanke wuta in nauyi ya yi yawa), a saita obalod ɗin daidai da amfiyar da ke kan farantin, a bar makunnin matsin iska ya riƙa umartar kwantakta kawai. Wannan aikin mai gyaran wuta ne, kuma a tabbata an haɗa wayar ƙasa. Mai janareta ya nemi wanda ƙarfinsa ya kai aƙalla ninki uku na moton.

Gwajin ƙarshe da mitar matse waya mai auna amfiya ake yinsa. Buɗe tankin iska ta fita, ka rufe, kunna, ka tsaya kana kallon amfiya har gab da injin zai yanke, don a nan nauyi ya fi yawa. In ta wuce abin da ke kan farantin, rage fuli ko ka sauke matsin da yake yankewa. Da ya tsaya ka kasa kunne: ya kamata ka ji gajeren fiss, alamar bawul ya saki iskar da ke kan fistin. In ba ka ji ba, ko kuma iskar ta ƙi daina fita, gyara wannan bawul da na bakin tanki kafin ka sake kunnawa, domin moto zai tashi ne da cikakken nauyi a kansa, ya yi ta gurnani ba juyawa. Sannan ja zoben bawul ɗin kariya na tanki ka tabbata yana buɗewa yana rufewa.