Yadda Ake Tsara Kod da Fasalin Ƙaramin Shafin Intanet

Wanda ke gina shafin intanet don sha'awa yakan ɗauka cewa tunda shi kaɗai ne mai karanta kod ɗinsa, babu ruwansa da ƙa'idar rubutu, sai bayan wata uku ya buɗe fayil ya rasa gane kansa da gindinsa. Mu ɗauki misalin ƙaramin shafi mai nuna farashin dankalin Turawa da kabeji a kasuwar Farin Gada da ke Jos, mu ga abubuwan da ya kamata a yanke tun ranar farko.

A fara da haruffanmu masu ƙugiya, domin nan ne shafin Hausa ya fi yin tuntuɓe. A saman kowane fayil na HTML, wato harshen da ake rubuta shafin intanet da shi, a rubuta meta charset="utf-8", a kuma sa lang="ha" domin burauza ta san harshen da take nunawa. Idan aka manta da na farko, harafin ƙ yana iya fitowa a matsayin Æ™, sai mai karatu ya ga "Æ™asa" inda aka rubuta "ƙasa". Ba kowane salon haruffa ne ke ɗauke da ɓ da ɗ da ƙ ba, kuma idan babu su burauza takan aro daga wani salo, sai harafin ya tsaya a tsakiyar kalma kamar baƙo a gidan biki. Noto Sans na Google yana da su. Kafin a amince da kowane salo, a rubuta "ɓera ya shiga ɗakin ƙanena" a duba shi a kan waya.

A sunan fayil kuwa, a ajiye ƙugiya gefe. A yi amfani da ƙananan haruffa zalla, a raba kalmomi da karan ɗori, kamar farashin-kasuwa.html. Dalili shi ne Windows ba ta bambanta Dankali.jpg da dankali.jpg, amma saba, wato kwamfutar da ake ɗora shafi a kanta, idan tana aiki da Linux tana ɗaukar su abu biyu, don haka hoton da ya fito lafiya a kwamfutarka zai ɓace da zarar ka ɗora shafin idan harafin da ke cikin kod ya bambanta da na sunan fayil. Gurbin da aka bari a cikin suna kuma yakan koma %20 a adireshi.

Batun tura layi ciki, wato yawan gurbin da ake bari a farkon layin kod, bai cancanci musun da ake yi a kansa ba. A harsunan gina shafi, wato HTML da CSS da JavaScript, an fi sabawa da gurbi 2. A harshen kod na Python, ƙa'idar rubutu ta PEP 8 ta shekarar 2001 ta ce gurbi 4, layi kuma kada ya wuce harafi 79. A zaɓi ɗaya a tsaya a kansa, kada a cuɗa gurbi da maɓallin Tab, sannan a bar wa manhajar Prettier aikin daidaita layukan HTML da CSS da JavaScript duk lokacin da aka adana fayil, tunda ita ba ta gajiya. Sunayen cikin kod suna iya zama na Hausa, kamar farashinBuhu ko katin-kaya, muddin ba a yi rabi Hausa rabi Turanci ba. Bayanin gefe da ake rubutawa cikin kod don mai karatu kuma ya faɗi dalili: "an ware farashin buhu da na kwando saboda ba awo ɗaya ba ne" ya fi "wannan farashi ne" amfani nesa ba kusa ba.

Wajen fasali, a tuna cewa mai duba shafin ɗan kasuwa ne riƙe da waya a cikin rana, yana kuma lissafin datarsa. A sa layin meta viewport domin shafin ya dace da faɗin waya, kada rubutu ya gaza fiksel 16, bambancin launin rubutu da na bango kuma ya kai 4.5 zuwa 1 kamar yadda WCAG, ƙa'idar sauƙaƙa amfani da shafin intanet ga kowa, ta tanada. Rubutu ruwan toka a kan fari yana da kyau a ɗaki, amma a bakin rumfa da tsakar rana ba ya karantuwa. A rage nauyin hotuna kafin a ɗora su.

Duk wannan a rubuta shi a README, fayil ɗin bayanin aiki, a ajiye aikin a Git, manhajar da ke adana tarihin canje-canje, tun daga layin farko. Ranar da aka gyara tsarin layuka, a adana wannan canjin shi kaɗai, domin idan lissafin farashi ya lalace daga baya a iya gano layin da ya jawo matsalar ba tare da tona ɗaruruwan layukan da gurbi kawai aka matsar musu ba.