Yadda za a shirya ɗaliban aji uku na ƙaramar sakandare don jarrabawar BECE a Sakkwato

Jarrabawar BECE, wadda mutane ke kira JSCE ko ƙaramar WAEC, ita ce ke rufe shekaru tara na ilimin bai-ɗaya da dokar UBE ta 2004 ta tanada: shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare. Iri biyu ce. Makarantun gwamnatin jiha suna rubuta wadda jiha ke shiryawa, su kuma makarantun tarayya irin su Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Sakkwato da ta 'yan mata da ke Tambuwal, da wasu makarantun kuɗi, suna rubuta ta hukumar NECO. A tsarin NECO, sai ɗalibi ya ci darussa shida, ciki har da Turanci da Lissafi, kafin a ce ya haye. Manhajar ɗaya ce, don haka shirin ma kusan ɗaya ne.

Abin da aka saba yi shi ne a tara yara ajin yamma wata biyu kafin jarrabawa, a yi ta karanto musu tsofaffin tambayoyi suna amsawa baki ɗaya. Ajin kan ɗauki amo kamar ana koyo, amma yara biyar ne ke amsawa, sauran amshi suke yi. Kafin a ƙara wa yaro karatu, a fara gano inda makinsa ke zubewa.

Gwajin gano ciwo

A makon farko na zango na biyu, a ba ajin cikakkiyar takardar Lissafi da ta Turanci ta wata shekarar da ta wuce, a tsare lokaci kamar ranar gaske, kowa da tazara. Kada a tsaya a kan jimlar maki. A ɗauki babbar takarda, a jera sunayen ɗalibai daga sama zuwa ƙasa, lambobin tambayoyi kuma a kwance. Wanda ya ci tambaya a sa masa 1, wanda ya faɗi a sa 0, wanda bai taɓa ta ba a ja ɗan layi. Aji mai yara 60 da tambayoyi 40 zai ci wa malami kamar awa biyu, kuma ba a yin asarar wannan lokacin.

Sai a karanta takardar daga sama zuwa ƙasa, tambaya bayan tambaya. Duk tambayar da fiye da rabin aji suka faɗi, matsalar ta koyarwa ce, ko dai ba a kai wurin ba ko an wuce shi da gudu, kuma dole a sake darasin ga kowa. Idan layukan da aka ja sun taru a tambayoyi goma na ƙarshe, lokaci ne ke ƙure wa yaran. Idan kuma yaro ɗaya ne ke da 0 a warwatse ko'ina, har a tambayoyi masu sauƙi, yawanci canka yake yi saboda bai iya karanta tambayar ba.

Wannan na ƙarshen shi ne babban ciwo, kuma an fi kau da kai daga gare shi. Ban da Hausa da Larabci da Faransanci, da Turanci ake yin tambayoyin. Yaron da ya san amsa sarai idan an tambaye shi da Hausa zai iya faɗuwa Kimiyya da Aikin Gona da Nazarin Zamantakewa a rana ɗaya, a ce ba ya ja, alhali ƙofa ɗaya ce ta rufe masa. Gwajin ba wuya: a kira shi shi kaɗai, a ba shi sakin layi mai kalmomi kamar 100 daga littafin Turancin aji ɗaya, ya karanta a bayyane, sannan a ce ya faɗi abin da ya fahimta da Hausa. Wanda ya haura minti biyu yana tuntuɓe, ko ya karanta tiryan-tiryan amma ya kasa bayani, a ware shi cikin rukuni na musamman, kada rukunin ya wuce yara goma. Minti 20 kowace safiya kafin darasi na farko, karatu a bayyane da fassara, har ranar jarrabawa. Kada a ba rukunin wani suna da zai zama abin tsokana. Da zarar an fara ce musu 'yan ajin baya, rabinsu za su daina zuwa.

Akwai kuma ƙananan kalmomin umarni da ke kayar da yara masu ƙoƙari. Tambayar da ta ƙare da “except”, ko aka soka mata “not” a tsakiya, tana neman abin da ba ya cikin jerin ne, amma yaro na ganin amsar gaskiya ta farko sai ya zaɓe ta. A rubuta irin waɗannan kalmomi kamar 30 a kwali, da su “simplify” da “factorise” da “state” da “list”, kowacce da ma'anarta da Hausa, a liƙa a bango. A koya wa yara ja wa kalmar layi a takardar tambaya kafin su dubi zaɓin amsoshi.

Lissafi: a koma tushe

Manhajar aji uku na da lissafin tushe biyu (wanda ake yi da 0 da 1 kawai), da lissafin haruffa biyu da ake warwarewa tare, da kuɗin ruwa, da faɗin siffofi, da matsakaicin adadi. Amma idan aka bi kuskuren yara, sau da yawa a aikin aji ɗaya ko ma na firamare yake. A rubuta 1/2 + 1/3 a allo, za a ga masu rubuta 2/5, sun tara sama da sama, ƙasa da ƙasa, maimakon 5/6. A rubuta -3 - 5, za a ga 2 da -2 sun fi -8 yawa. Na farkon, a yi shi da takarda a naɗe gida shida har su gani da ido cewa rabi gida uku ne, sulusi gida biyu. Na biyun, bashi ya fi saurin shiga kai: ana bin ka naira uku, ka ƙara cin bashin biyar, nawa ake bin ka? Yaron da ke tsaron shago ko yarinyar da ke talla ba sa kuskuren wannan a kasuwa.

Minti biyar na farkon kowane darasi a ba jadawalin sau, daga 2 zuwa 12, a baki. A tambayoyin da ake rubuta amsa kuwa, a tilasta nuna hanyar aiki layi-layi, domin ana ba da maki a kan matakai, kuma amsa tsirara idan ta kuskure ba ta da komai.

Hausa ma ana faɗuwa

Iyaye kan ɗauka Hausa banza ce ta faɗi. Mai gyaran takarda kuwa Daidaitacciyar Hausa yake nema. Ɗan Sakkwato zai rubuta “yat tahi gidanai” a inda ake son “ya tafi gidansa”, ko “munka” da “sunka” a madadin “muka” da “suka”, ko “wanga” da “mi” da “hwari”. Sakkwatanci ba kuskure ba ne, kuma kada malami ya nuna wa yara haka; a dai faɗa musu cewa na jarrabawa daban ne. Shibta sau biyu a mako, jimloli biyar kacal, tana gyara wannan tare da haruffa masu ƙugiya da raba kalma, irin su “ba ya” da “baya”.

Tsarin makonni da yanayin gari

Idan akwai makonni 12, huɗun farko na cike giɓin da gwaji ya nuna ne, biyar na tsakiya na ƙarasa manhaja da tambayoyin baya jigo-jigo, ukun ƙarshe kuma cikakkun takardu ƙarƙashin agogo. A ƙarshen mako na shida a sake gwaji, a cika sabuwar takarda irin ta farko, a kwatanta.

Shirin yana faɗawa ne cikin bazara, lokacin da zafin Sakkwato kan haura digiri 40. Ajin ƙarfe biyu na rana a ƙarƙashin kwanon rufi wahalar banza ce. Lissafi da Turanci a sa su kafin ƙarfe goma sha ɗaya. Idan azumi ya shigo cikin makonnin, a rage sabon darasi, a ƙara bita da safe. A ƙauyuka a duba rajista a ga ko fashin yara yana bin ranar kasuwa, don kada a sa gwaji ko sabon jigo a ranar.

A gida, ba sai uba ko uwa sun yi boko ba. Minti 40 bayan sallar Asuba ko bayan Isha'i, da fitila mai caji, sun fi awa uku na ranar Asabar. A ce yaro ya bayyana da Hausa abin da aka koya masa yau. In ya kasa, bai gane ba. A zauna da malamin Islamiyya a daidaita lokaci maimakon a cire yaron, a kuma sauke wa yarinya talla da wani sashe na aikin gida a makonnin nan.

Abubuwan da ke ɓata sakamakon wanda ya iya

Makin gwaje-gwajen aji, wato CA, yana shiga sakamako, don haka shugaban makaranta ya tabbatar babu ɗalibin da gurbinsa ke wofi, musamman waɗanda suka zo daga wata makaranta a aji biyu ko uku. Lokacin rajista, uba ya zo da kansa ya duba rubutun suna da ranar haihuwa. Muhammad da ya koma Mohammed, ko sunan uba da ya musanya gurbi da na kaka, zai bi yaro har babbar sakandare.

Idan takardar amsa irin wadda na'ura ke karantawa ce, a saba wa yara da ita tun da wuri: a buga kwafinta a yi gwaji uku aƙalla. Fensir HB biyu a feƙe, da magogi mai tsabta. A cike gurbi sosai, a goge tsohuwar amsa tas, domin gurbi biyu a layi ɗaya faɗuwa ce. Kuskure mafi muni shi ne yaro ya tsallake tambaya ta 12 amma ya manta bai tsallake layinta ba, duk amsoshin da suka biyo baya su zame da layi ɗaya. Maganinsa, bayan kowace tambaya goma ya ɗora yatsa ɗaya kan lambar tambaya, ɗaya kan lambar layi, ya ga sun yi daidai. Idan tambayoyi 60 ne cikin awa ɗaya, minti guda ke nan kowacce: wadda ta gagara a sa mata ɗigo a gefen takardar tambaya a wuce, a dawo mata in lokaci ya rage.