Yadda Za Ka Haddace Aikatau Masu Saɓa Ƙa'ida a Sifaniyanci

1. Fara da guda biyar: ser (zama), estar (kasancewa a wuri ko yanayi), ir (tafiya), tener (mallaka) da hacer (yi). Su ne ke yawan fitowa a hira, don haka ka haddace su gaba ɗaya a sigarsu ta lokacin yanzu.

2. Sauran ka kasa su gida-gida bisa yadda wasalin saiwarsu ke sauyawa. "E" kan koma "ie" (pensar, pienso), "o" ta koma "ue" (poder, puedo), wani lokacin "e" ta koma "i" (pedir, pido). A nan masu koyo ke yawan tuntuɓe: sauyin ba ya shafar nosotros (mu) da vosotros (ku). Ana cewa podemos, ba "puedemos" ba, domin ƙarfin furuci ya bar saiwa ya koma ƙarshen kalma.

3. Ware masu ƙarewa da "go" idan mai magana na nufin kansa: tengo, hago, pongo, salgo.

4. Rubuta kowane aikatau cikin gajeriyar jimla a kan kati, ka furta da baki. Maimaita bayan kwana 1, kwana 3, sai kwana 7.

5. Sai lokacin yanzu ya zauna maka za ka shiga shuɗaɗɗen lokaci. A nau'insa da ake kira pretérito, ser da ir kamarsu ɗaya: fui, fuiste, fue. Jimlar ce ke nuna wanda ake nufi.